Ɗakin Talaka da Benen Babba, Hatimi Ɗaya: Ku Zo Mu Yi Lissafi

Iyayenmu, sarakunan zango, malamai, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan kasuwa, direbobi, matasa maza da mata na Bawku, Pusiga, Kulungugu, Pulmakom, Garu, Zebilla, Paga, Tumu, Hamile, Saboba, Tatale, har zuwa Aflao.

Ranar Asabar 7 ga Disamba 2024 za mu fita zaɓe. Kafin ranar za ku ji maganar hanya, maganar makaranta, maganar tsadar masara da taki. Wannan takarda maganar gida ta kawo muku. Akwai wani haraji da ba a kiransa a filin gangami, amma duk wanda ya tara gumin shekaru ya sayi fili ko gida a Gana sai ya haɗu da shi. Shi ne kuɗin hatimi, wanda 'yan ofis suke kira sitam diyuti. Muna so ku iya lissafa shi da kanku, don kada a cuce ku. Muna kuma so ku ga yadda aka tsara shi, domin a cikin tsarin nan za ku gane wa gwamnatin da take ci a 2024 take tausaya wa.

MENE NE KUƊIN HATIMI?

Idan ka sayi gida, lauya yana rubuta takardar ciniki, wadda muka saba kira indenca. Kai da mai sayarwa da shaidu ku sa hannu. Wannan takarda ba ta cika a idon gwamnati sai an biya mata haraji an buga mata hatimi. Dokar da ke kan haka ita ce Dokar Kuɗin Hatimi ta 2005, mai lamba 689. Kuɗin na Hukumar Tara Haraji ta Gana ne, wato GRA. Amma masu duba gida su faɗi darajarsa, sashen ƙiyasta daraja ne na Hukumar Filaye. A al'ada mai saye ne yake biya.

Doka ta ba ka wata biyu daga ranar da aka sa hannu. Ka wuce wata biyu, tara ta hau.

Wani zai ce, ni da sarki ya ba ni fili, liman ya shaida, unguwa duk ta san gidana ne, ina ruwana da hatimi? Ɗan'uwa, ruwanka yana nan ranar da rigima ta tashi. Dokar nan ta ce takardar da ba ta da hatimi ba a karɓar ta a matsayin hujja a shari'ar da ba ta laifi ba, kuma a 2023 Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da haka. Ma'ana, ranar da ɗan wanda ya sayar maka ya dawo ya ce filin ubansa ne, ko aka sayar wa mutum biyu fili ɗaya, za ka shiga kotu da takardarka a hannu, a ce ba a gan ta ba. Ba kuma za a yi wa gidan rajista da sunanka ba tare da hatimin ba. Banki ba zai karɓi takardar a jingina ba. In ka rasu, marayunka ne za su gaji rigimar.

Don haka kada wani ya ce wannan takarda ta ce ku ƙi biya. Ku biya. Amma ku san nawa ne, ku kuma san wa aka sauƙaƙa wa.

GA YADDA AKE LISSAFI

Kuɗin hatimin sayen gida mataki uku ne, gwargwadon darajar abin da aka saya.

Mataki na ƙasa, kashi 0.25 cikin 100. A kowace sidi 1,000, ka biya sidi 2 da rabi.

Mataki na tsakiya, kashi 0.5 cikin 100. A kowace sidi 1,000, ka biya sidi 5.

Mataki na sama, kashi 1 cikin 100. A kowace sidi 1,000, ka biya sidi 10.

Shekaru da yawa iyakar matakin ƙasa sidi 10,000 ce, ta tsakiya kuma sidi 50,000. A ƙarshen 2023 majalisa ta yi wa dokar gyara, gyaran ya fara aiki a Janairun 2024, amma kason nan uku suna nan yadda suke. Mai sayen ƙaramin fili a ƙauye ya ce a nuna masa jadawalin da ake aiki da shi yau, ya ga matakin da filinsa ya faɗa. Mai sayen ginannen gida na bulo a cikin gari kuwa, ya ɗauka kawai yana matakin sama.

Lissafin matakin sama ba ya bukatar kwamfuta. Rubuta darajar gidan, ka goge sifiri biyu na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne kuɗin hatimi.

A ce mai sayar da albasa ya sayi gida a kan sidi 200,000. Goge sifiri biyu, saura 2,000. Kuɗin hatiminsa sidi 2,000.

A ce Hajiya mai sayar da atamfa ta sayi na sidi 350,000. Nata sidi 3,500.

Idan da bashin banki aka sayi gidan aka jinginar da shi, takardar jinginar ma tana da nata hatimin, kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da aka ranta. Wanda ya ranci sidi 120,000 zai ƙara sidi 600.

Idan kuma daga kamfanin gina gidaje ka saya, akwai wani kaya daban da ba hatimi ba. A Janairun 2024 an ɗora harajin VAT na kashi 5 a kan gidajen da irin waɗannan kamfanoni suke sayarwa, ga kuma kashi 1 na harajin korona a lokacin. A 2024 gidan sidi 500,000 yana jan sidi 30,000 ta wannan ƙofa.

To gida na biyu fa? A nan ne maganar take. A dokar Gana lissafin gida na biyu daidai yake da na gida na farko. Na uku ma haka. Na goma ma haka. Ba a tambayarka gidaje nawa gare ka. Wanda ya yi shekara ashirin yana haya, yau Allah ya ba shi ikon sayen ɗaki biyu da zaure, kashi 1 zai biya. Wanda ya ƙara bene na biyar a East Legon ko Cantonments a Akra, shi ma kashi 1.

INDA LISSAFI YAKE KARKACEWA

A takarda kashi 1 kamar ba komai. A ƙasa kuwa abu uku ne suke kumbura shi, kuma dukansu a kan mutumin bakin iyaka suka fi sauka.

Na farko, daraja. Ba lallai ne a yi lissafi a kan kuɗin da ka biya ba. Ana yi ne a kan darajar da ma'aikacin gwamnati ya ƙiyasta. Ka sayi gida 200,000 saboda mai shi yana cikin matsi, ko saboda ɗan'uwanka ne ya yi maka ragi, mai ƙiyasi ya ce gidan ya kai 280,000. Kuɗin hatiminka ya tashi daga 2,000 zuwa 2,800. Doka ta ba ka damar ƙalubalantar ƙiyasin. Amma mutum nawa ne a kasuwar Bawku ko tashar Paga suka san da wannan dama? Wa ya taɓa ganin jadawalin kuɗin hatimi a manne a ƙofar ofishin asambili, da Hausa ko wani harshen da ake ji a kasuwarmu? Gwamnatin da kullum take alfahari da cewa ta mai da komai intanet, me ya hana ta wannan ɗan aikin?

Na biyu, faɗuwar sidi. A 2007, lokacin da aka canza kuɗi aka goge sifiri huɗu, sidi ɗaya ta ɗan fi dalar Amurka ɗaya. Sidi 50,000 a lokacin kuɗin gidan mai hali ne, shi ya sa aka ajiye matakin sama a wurin. A farkon 2017, da sabuwar gwamnati ta hau, dala tana sidi 4 da 'yan kai. A 2024 ta kai wajen sidi 16. A lokacin sidi 50,000 ba ta fi dala 3,000 da ɗoriya ba. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Siminti ya tashi, kwanon rufi ya tashi, rodi ya tashi, darajar kowane gida a takarda ta tashi. Gidan bai ƙara ɗaki ko ɗaya ba, mai shi bai ƙara arziki ba, amma an tura shi matakin da aka yi don masu kuɗi. Matakai biyu na ƙasa, waɗanda aka yi don a sassauta wa talaka, sun zama ado a takarda.

Na uku, nisa. Mafi yawan wannan aiki a babban ofishin yanki yake ƙarewa: Bolgatanga, Wa, Tamale, Ho. Daga Bawku zuwa Bolgatanga wajen kilomita 80 ne, kuma kun san hanyar, kun san halin da ake ciki a kanta. Mutumin Pusiga ko Kulungugu sai ya ƙara da tasa tafiyar. Ka je yau a ce dawo mako mai zuwa. Kowace tafiya kuɗin mota ne, kuɗin abinci ne, ranar kasuwa ce ta tafi. A nan ne 'yan goro suke shigowa, masu tsayawa a bakin ofis su ce kawo takardar in bi maka. Wanda bai san cewa hatiminsa 2,000 ne ba, in aka ce masa 6,000, da me zai musa? Rashin sani ya fi dare duhu. Babban mutum a Akra ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Lauyansa ne yake aika yaro.

Ku ƙara da kuɗin lauya, domin Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta ce lauya ne kaɗai zai rubuta takardar mallakar fili. Ku ƙara da kuɗin safiyo mai zana taswira, da kuɗin bincike, da kuɗin rajista. Shi ya sa dubban gidaje a zangunanmu suke zaune da takarda marar hatimi a ƙasan akwati. Mutanenmu ba 'yan ƙin doka ba ne. Hanyar bin dokar ce aka cika da ƙaya.

GIDA NA BIYU IRI BIYU NE

A nan bakin iyaka mun san gida na biyu, kuma mun san ba kullum ne alamar dukiya ba. Mai fataucin albasa ko shanu yana da gidan iyali a Bawku ko Garu, yana kuma da ɗaki biyu a Aboabo ko Asawase a Kumasi, ko a Techiman, ko a Nima ko Ashaiman, inda yake sauka in ya kai kaya, inda 'ya'yansa suke zama su yi makaranta. Mai mata biyu da gidan gado ya yi wa kaɗan yana neman wani wuri don a zauna lafiya. Wanda rikici ya tilasta wa kwashe iyalinsa zuwa wani gari, ya bar gidansa a kulle, shi ma a takarda mai gida biyu ne. Waɗannan gidaje na bukata ne.

Akwai kuma ɗaya irin. Gida na huɗu, na biyar, na shida, a unguwannin da ake faɗin farashi da dala. Wasu a kulle suke shekara da shekaru, an ajiye kuɗi ne a cikin bulo don kada faɗuwar sidi ta cinye shi. Wasu an sa su haya. Ƙidayar 2021 ta nuna Gana tana da ƙarancin gidaje wajen miliyan 1.8. A ƙasar da take cikin wannan hali, duk gidan da mai gida biyar ya ƙara, ya ƙara tsadar wanda mai neman na farko zai saya.

Mu yi lissafin su biyun gefe da gefe. Mafi ƙarancin albashi na 2024 sidi 18.15 ne a rana. Kuɗin hatimin gidan 200,000, wato sidi 2,000, ya kai aikin kwana 110 na mai wannan albashi. Babban mutum ya sayi bene na sidi miliyan 5, ya biya 50,000. Kuɗi ne mai yawa a kunnenmu. Amma shi zai sa benen haya ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, ko da yake Dokar Haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida. Kafin fenti ya bushe ya mai da kuɗin hatiminsa daga aljihun ɗan haya. Shi talaka daga ina zai mai da nasa? Daga jarin kasuwa, ko daga kuɗin makarantar yara.

Wannan shi ake kira adalci, wai don kowa kashi 1 ne? Buhu ɗaya aka ɗora wa jaki da raƙumi aka ce an raba daidai.

A ƘASAR DA TA KOYA MANA HATIMI

Kuɗin hatimi ba Gana ta ƙirƙiro shi ba. Gadon Turawan Ingila ne, su tun 1694 suke karɓarsa. Sai dai su sun gyara nasu, mu muka riƙe tsohon yayi.

A Ingila, tun Afrilun 2016, wanda yake da gida ya ƙara wani yana biyan ƙarin kashi 3 cikin 100 a kan abin da kowa yake biya. Ranar 31 ga Oktoban 2024 suka ɗaga ƙarin zuwa kashi 5. Mai sayen gidansa na farko kuwa, a 2024 ba ya biyan komai har zuwa fam 425,000.

Ga lissafin gidan fam 300,000 a can a ƙarshen 2024. Mai sayen gidan farko a rayuwarsa ba ya biyan ko kwabo. Wanda ya sayar da gidansa ya koma wannan, babu haraji a kan fam 250,000 na farko, sai kashi 5 a kan 50,000 da suka rage, wato fam 2,500. Wanda yake da gida ya ƙara wannan a matsayin na biyu, zai biya wancan 2,500, ya ƙara kashi 5 na dukan kuɗin, wato 15,000. Jimla fam 17,500. Gida ɗaya, farashi ɗaya, mutum uku, haraji uku, gwargwadon halin kowa. Sun kuma yi tunanin wanda ya sayi sabo kafin ya sayar da tsohon da yake zaune ciki: in ya sayar cikin shekara uku, ana mayar masa da ƙarin.

Akwai abin da ya fi wannan. Tun Afrilun 2021 wanda ba mazaunin ƙasar ba yana ƙara wani kashi 2, kuma gidan da kake da shi a ko'ina a duniya ana ƙirga shi. Ke nan duk babban mutumin Gana mai gida a Akra da ya je Landan ya sayi gidan fam 300,000, a lissafin ƙarshen 2024 zai ajiye wa gwamnatin Ingila fam 23,500, kusan kashi 8 cikin 100. Zai biya ba gardama, har ya yi godiya. Ya dawo gida ya ƙara bene a Akra, gwamnatinsa ta karɓi kashi 1 ta ce sannu da ƙoƙari.

Singafo ma haka take. Tun Afrilun 2023 ɗan ƙasa mai sayen gida na biyu yana ƙara kashi 20, na uku kashi 30. Ba mu ce a kwafo waɗannan lambobi a kawo Gana ba. Muna nuna muku ne cewa abin yana yiwuwa, kuma ƙasashen da manyanmu suke yabo kullum su ne suke yi.

INA SUKA NEMI KUƊI?

Gwamnati za ta ce tana bukatar kuɗi. Gaskiya ne, tana bukata, tunda ta kai ƙasa ga karɓar rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya a 2023. Amma ku duba ƙofofin da ta ƙwanƙwasa. A 2021 ta kawo harajin korona na kashi 1, kuma har 2024 ana karɓa, cutar ta wuce harajin bai wuce ba. A Mayun 2022 ta kawo harajin momo na kashi 1.5, daga baya ta mai da shi kashi 1, ta riƙa cira daga kuɗin da ɗa yake aika wa uwarsa a ƙauye. A 2023 ta ɗaga VAT daga kashi 12.5 zuwa 15. Duk wannan bayan ta rufe iyakokin ƙasa daga Maris 2020 zuwa Maris 2022, shekara biyu cur, jiragen sama suna sauka a Akra tun Satumbar 2020, mu kuwa masu ci daga Sankasi da Bitu da Lome muna zaune jari yana narkewa.

Ku lura da wannan. A 2024, kashi 1 a kan momon talaka. Kashi 1 a kan bene na biyar na babban mutum, sau ɗaya tak. Kuma a ƙarshen 2023 dokar hatimi tana buɗe a gabansu a majalisa, alƙalami yana hannunsu. Da sun so, da sun ƙara layi ɗaya a kan gidaje masu tsada na uku da na huɗu. Da sun so, da sun yafe wa mai gidan farko. Ba su yi ko ɗaya ba. Ƙananan kuɗaɗen da ake biya a kan takardu suka ɗaga. Da zaɓen 2024 ya matso, ɗan takararsu da kansa ya ce zai soke harajin momo. Shekara takwas yana ina?

ME ZA SU CE?

Za su ce dokar ta girmi wannan gwamnati. Haka ne, ta 2005 ce. Amma a zamaninsu ne sidi ta faɗi har matakan sassauci suka zama banza, kuma su ne suka buɗe dokar a 2023 suka rufe ta ba tare da sun taɓa manya ba. Wanda rufi ya yi yoyo a hannunsa, ya hau sama da guduma ya sauko bai toshe ba, ba zai ɗora wa magini laifi ba.

Za su ce in aka ƙara wa masu gidaje da yawa haraji, kuɗin haya zai tashi. Ku tambayi ɗan haya a Nima ko Aboabo: shekarun nan da ba a ƙara musu komai ba, hayar sauka ta yi?

Za su zo kasuwa su ce muku 'yan adawa suna so su sa wa gidanku na Kumasi haraji. Ƙarya ce, kuma ga amsarta a rubuce a ƙasa. Ku riƙe takardar nan ku nuna musu.

Za su ce manya za su sa gidajen da sunan 'ya'ya da direbobi. Wasu za su gwada. Amma tun Afrilun 2021 lambar katin Gana ita ce lambar harajin kowa. Gwamnatin da ta iya bin sawun kowace sidi da ta fita daga wayar mai sayar da koko ba za ta ce ta kasa ƙirga benaye ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Ɗaya. A yafe kuɗin hatimi ga mai sayen gidansa na farko, in gidan na talaka ne ko na matsakaicin ma'aikaci.

Biyu. Gida na biyu mai matsakaiciyar daraja, irin na ɗan kasuwa da mai iyali da wanda rikici ya kora, ya tsaya a inda yake. Kada a ƙara masa ko fesuwa ɗaya.

Uku. Ƙarin ya hau kan gidaje masu tsada, daga na uku zuwa sama, yana ƙaruwa yadda daraja take ƙaruwa.

Huɗu. A riƙa gyara iyakokin matakan nan daidai da hauhawar farashi, don kada faɗuwar sidi ta sake tura talaka matakin masu kuɗi.

Biyar. A kawo ƙiyasi da biya da buga hatimi ofishin kowace gunduma ta bakin iyaka. A manna jadawalin a bango da harsunan da mutane suke ji. A ba kowa ƙiyasinsa a rubuce, da dalilin da ya sa aka kai wannan adadi.

Shida. A ba da wa'adi na yafe tara, don duk mai tsohuwar takarda a ƙasan akwati ya fito da ita a buga mata hatimi.

Duk ɗan takarar majalisa da ya zo neman ƙuri'arku, namu ko nasu, ku karanta masa waɗannan shida a gaban jama'a. Ya faɗi wanda ya yarda da shi da wanda bai yarda ba. Ku rubuta amsarsa ku ajiye.

KAFIN NAN, KU KARE KANKU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai shirin sayen gida, na farko ko na biyu, ya riƙe waɗannan.

Ka yi bincike a Hukumar Filaye kafin ka ba da kuɗi, ka tabbata mai sayarwa shi ne mai abin.

Ka goge sifiri biyu tun a gida, ka san kusan abin da za ka biya, ka ware shi a cikin kuɗin ciniki.

Ka nemi ƙiyasin a rubuce. In ya zarce hankali, ka ce ba ka yarda ba, ka bi hanyar da doka ta ba ka.

Ka biya a inda gwamnati ta ce a biya, ka karɓi rasit da sunanka. Kuɗin da ba rasit, goro ne ka ba wani.

Kada ka bari wata biyu su wuce.

In mai sayarwa yana da aure kuma a cikin auren ya sayi gidan, Dokar Filaye ta 2020 tana neman yardar matarsa ko mijinta a rubuce. Ka tabbata an samo, in ba haka ba ka sayi rigima.

In filin yana cikin Gana, takardarsa tana bukatar hatimin Gana, ko da a Togo ko Burkina aka sa hannu. 'Yan'uwanmu na tsallake da ba 'yan ƙasa ba su sani cewa Tsarin Mulki na 1992 bai ba su damar riƙe fili fiye da shekara 50 a lokaci guda ba. Kada wani dillali ya ruɗe su da alkawarin abin da doka ta hana.

Iyaye mata, in kuɗin adashinki da na sana'arki ne ya sayi gidan, ki tabbata sunanki yana cikin takardar da za a buga wa hatimi.

'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara takwas an auna ɗakinku da benen manya da mudu ɗaya, an kuma bi wayarku da kasuwarku da haraji. Ranar 7 ga Disamba akwai wani hatimi da ba a biya masa ko fesuwa, ba ya bukatar lauya, ba ya bukatar tafiya Bolgatanga ko Wa. Yana jikin babban yatsanku. Ku fito da wuri, ku fito da iyayenku da matanku da 'ya'yanku da suka isa, ku yi layi cikin natsuwa, kada ku biye wa mai neman fitina. Ku dangwala wa canji, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya ba kowa muhallin da zai kira nasa. Amin.